Daga Fito Zuwa Kuɗin Mota: Ina Tikitin Ɗan Kudancin Kano Ya Shiga?

Idan kai mutumin Bebeji ne, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, kuma harkarka na kai ka birnin Kano a kai a kai, ba sai wani ya faɗa maka kuɗin mota ya tashi ba. Aljihunka ya riga kowa sani. Amma ka taɓa lura cewa a mafi yawan tafiye-tafiyen nan ba wanda ke ba ka tikiti? Ɗan kamasho ya faɗi kuɗi, ka yi ciniki ko ka haƙura, ka shige mota. Yau farashi kaza ne, gobe in an wayi gari da layi a gidan mai ya zama wani abu daban, kuma babu wata takarda a hannunka ko a bangon tasha da za ka nuna ka ce ga yadda aka yi da ni.

Ba haka abin yake ba ko da yaushe. An yi zamanin da manomin Kiru ke zuwa tashar jirgi ya miƙa kuɗi a taga a ba shi ɗan guntun kwali mai ɗauke da farashi. Tarihin yadda wannan kwali ya zo da yadda ya ɓace shi ne zai bayyana maka dalilin da ya sa kowane ƙarin kuɗin fetur ke sauka a kanka kai tsaye, da dalilin da ya sa sauƙin da gwamnati ke sanarwa a rediyo ba ya isowa tasharku.

Kafin dogo

Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zazzau. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya bi ta garin a 1826, ya kuma bayyana shi a matsayin babban gari mai ganuwa da ke cike da 'yan kasuwa. A garin ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan fatake Agalawa masu zuwa Gwanja sayo goro.

To su fatake me suke biya? Ba su biyan kuɗin kujera, tunda ƙafa ce da jaki. Suna biyan fito a bakin kogi, suna biyan kuɗin wucewa da gaisuwa ga sarakunan da hanya ta ratsa ƙasarsu, ga abincin dabbobi, ga ladan 'yan dako. Ba wani farashi a rubuce. Madugu ne ke zama ya yi ciniki a madadin ayari duka, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa, a biya da wuri ko da wani abu daga cikin kayan. Amma mafi tsadar abin da bafatake ke kashewa shi ne kwanaki. Zuwa Gwanja da dawowa na cin watanni. Ka riƙe wannan a ranka, domin har yau matafiyi da abu uku yake biyan hanya: kuɗi, lokaci, da jikinsa.

A farkon 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka taso daga Zariya, suka fasa Bebeji a kan hanya, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Gwamnatin Lugard ta ɗora wa ayarin fatake harajinta na kanta, wanda aka soke a 1907. A lokacin kuwa an riga an fara shirin abin da zai kashe fataucin ƙafa gaba ɗaya.

Shigowar tikiti

Layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Tsakanin Zariya da Kano ya ratsa ƙasar Kiru, aka yi tasha a Ɗangora da Yako, sai Madobi da Challawa kafin birni. Turawa sun shimfiɗa shi ne da tsammanin auduga, sai gyaɗa ta ba su mamaki. Fasinja dai ƙari ne a kan kaya. Duk da haka shi ne karo na farko da talakan wannan yanki ya ga tafiya mai farashi tsayayye. Ana lissafa kuɗin ne da nisan mil da kuma ajin taragon da ka zaɓa, na ɗaya, na biyu ko na uku, kuma na ukun shi ne na jama'a, benci ne na katako da cunkoso. Mai riga da marar riga, in dai aji ɗaya suka shiga, kuɗi ɗaya suke biya. Babu ciniki.

Tikiti alkawari ne a rubuce: ka biya kaza, za a kai ka wuri kaza. Kuma yana da wani amfani da ba a cika kula da shi ba. Yana barin sawu. Hukuma ta san mutum nawa suka hau, daga ina zuwa ina, nawa suka biya. In tana so ta rage wa ɗalibai ko ta yi rangwamen salla, tana da wurin da za ta kama. Za mu dawo kan wannan.

Me ya sa jirgi ke iya yin araha? Dalilin na kimiyya ne. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta fuskantar turjiya irin ta tayar roba a kan kwalta, balle a kan burji. Saboda haka da makamashi kaɗan ake jan nauyi mai yawa. Mafi yawan kuɗin da jirgi ke ci yana cikin shimfiɗa layi, gyaransa da albashin ma'aikata, waɗanda ba sa canzawa ko taragu sun cika ko ba su cika ba. Ƙarin fasinja ɗaya kusan ba ya ƙara komai. Wannan ƙarfin jirgi ne, kuma shi ne rauninsa, domin ranar da aka daina gyaran layi komai sai ya zauna.

Sai dai fa dogon bai yi wa kowa adalci ba. Kiru da gefen Bebeji sun samu. Tudun Wada da Doguwa suna can nesa da layi, duk da kuzar da ake haƙa a Riruwai tun kafin Turawa. Mutumin can sai ya taka ko ya kora jaki ya kai kansa tasha tukuna. Shi tikitin ma a ƙarshen wahalarsa yake samunsa.

Mota ta karɓe hanya

Tun a shekarun 1930 hukumar jirgi ke kukan cewa motocin lori na ƙwace mata kaya. Lori ba ta jiran jadawali, tana shiga kasuwar ƙauye, kuma direba na iya rage maka. Amma abin da ya gama da jirgi shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970. An shimfiɗa tituna, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji wadda aka kammala a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da kewaye, kaya suka yi yawa a hanya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda har yau ita ke riƙe da tasha, ita ke tsara layin lodi, ita ke yanke kuɗin mota. Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Falgore da Saminaka zuwa Jos ta rabu da titin Zariya, ta ɗauki sunan garin tashar jirgi, ta kuma ɗauke masa fasinja.

Jirgi kuwa ya yi ta ja da baya. An kawo ƙwararru daga Indiya sun riƙe shi daga 1979 zuwa 1982, ya ɗan farfaɗo, ya sake kwanciya. Ko da aka dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a Disamban 2012, ba irin wanda za ka hau da safe ka je Kantin Kwari ka dawo da yamma ba ne.

Mutane ba su yi kewar tikiti ba a lokacin, kuma da dalili. Fetur kamar kyauta yake. A 1978 kwabo 15.3 ne lita, a 1982 kwabo 20. Ga kuma wani tsari da aka kafa a 1975, asusun daidaita farashin mai, wanda ke biyan kuɗin dakon fetur daga kudu zuwa arewa don a sayar da shi kuɗi ɗaya a Legas da Kano. Wato gwamnati ta daina tallafa wa fasinja ta hanyar tikiti, ta koma tallafa masa ta bakin famfo. Muddin famfon na da araha, ba wanda ya damu da cewa kuɗin mota ba shi da takarda.

Daga 1986 lissafi ya juya. Gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara faɗuwa, fetur ya koma kwabo 39.5. A Afrilun 1988 aka ƙara shi zuwa kwabo 42, ƙarin kwabo biyu da rabi kacal, amma ya tayar da zanga-zangar da ta faro daga ɗaliban Jos ta bazu. A 1993 ya kai naira 5 kafin a sauko da shi 3.25. A 1994 ya zauna a naira 11. A 2000 an kai shi 30, yajin aiki ya dawo da shi 22. Ranar 1 ga Janairun 2012 ya tashi daga 65 zuwa 141, jama'a suka mamaye shataletalen Silver Jubilee a Kano, aka tsaya a 97. A Mayun 2016, naira 145. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi: cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 540 a Kano, alhali a Legas 488 ce. Wannan bambancin kuɗin dako ne ya dawo kan ɗan arewa. A Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000.

Mu yi lissafi tare

Ga misali, ba ƙididdiga ba ce, lissafi ne da kai ma za ka iya yi. Mu ɗauka Golf ce mai jigila tsakanin Kano da wani gari mai nisan kilomita 100. Zuwa da dawowa 200 ke nan. Tsohuwar mota da lodi, mu ce tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, wato lita 20. A naira 200 kuɗin mai 4,000 ne. A 550 ya zama 11,000. A 1,000 ya zama 20,000. In direba ya ɗauki mutum shida zuwa, shida dawowa, biyu a gaba huɗu a baya, mutum 12 ne za su raba. Kason kowa na mai kaɗai ya tashi daga kusan naira 330 zuwa 920, zuwa 1,670.

Yanzu ka cire mutum uku daga dawowa. Wannan ba baƙon abu ba ne a hanyar ƙauye, domin fasinja gefe ɗaya yake kwarara: da safe kowa birni ya nufa, ranar kasuwa kowa kasuwa ya nufa. Mutum tara ne za su raba naira 20,000, kowa ya haura 2,200. Kujerar da ta dawo wayam, kai da ka hau da safe ka biya ta. Shi ya sa kilomita ɗaya ta ɗan Doguwa ta fi ta mai tafiya Kaduna tsada, ko da titin iri ɗaya ne. Ka ƙara da dajin Falgore, wanda direbobi da yawa ba sa son ratsa shi in dare ya yi, sai yawan sawun da mota za ta yi a rana ya ragu, kuma kowane sawu dole ya ɗauki kaso mafi girma na balas ɗin mai mota.

Kuma mai ba shi kaɗai ba ne. Taya, baƙin mai, batir da kayan gyara kusan duk da dala ake shigo da su. A Yunin 2023, makonni biyu bayan cire tallafi, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a farkon 2024. Direba ya sha duka biyu a lokaci guda. Ga kuɗin ƙungiya a tasha, ga na ɗan kamasho, ga abin da ake miƙawa ta taga a shingayen hanya, wanda ba ya cikin littafin kowa amma yana cikin kuɗin motarka.

Zaɓin da ba a rubuta ba

A ƙasashen da ke da tikiti, in farashi ya tashi sai fasinja ya zauna ya auna: in sayi na tafiya ɗaya ne, ko na mako, ko na wata? Kai ma kana aunawa, sai dai naka zaɓin ba a buga shi a takarda ba. Ka shiga tasha ka biya cikakken kuɗi, a san motar da ka hau, ko ka tsaya bakin titi ka tari wadda za ta rage maka, ba wanda ya san ka shiga. Ka jira mota ta cika, ko da awa biyu ne, ko ku haɗa kuɗin kujerar da ta rage ku tafi. Ka yanka tafiyar gida biyu, ka sauka a Kwanar Ɗangora ka nemi wata. Ka hau bayan akori-kura, ko saman buhunan masara a gingimari mai zuwa Dawanau. Ka zama na uku a kujerar gaba, ko na but.

Ka ga abu ukun nan na fatake sun dawo. Duk zaɓin da ya rage maka kuɗi, ya karɓa ne daga lokacinka ko daga lafiyarka. A ganinmu nan ne ainihin tsadar take ɓuya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da matsakaicin kuɗin mota na kowace jiha duk wata, kuma aiki ne mai amfani, amma alƙalaminta kuɗin da aka biya yake kamawa. Ba ya kama mutum na bakwai da aka cusa a motar mutum biyar, wadda birkinta da tayarta ba a ƙera su don wannan nauyin ba. Ba ya kama mai juna biyun da aka ce ta dawo asibitin birni bayan mako biyu ta bari sai bayan wata biyu, ko ɗalibin da ya daina zuwa gida sai ƙarshen zango, ko manomin da ya sayar wa dillali a bakin gona da araha don kuɗin kai kayan kasuwa ya cinye ribar. Tafiyar da aka fasa ba ta shiga kowane rahoto.

Akwai kuma tambayar da kowa ke yi: me ya sa in mai ya sauka kuɗin mota ba ya sauka? Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan hali na farashi. Wani mai suna Robert Bacon, da ya yi nazarin farashin fetur a Ingila a 1991, ya kwatanta shi da tashin roka da saukowar gashin tsuntsu. A tasha dalilan a fili suke. Ƙari na zuwa ne rana ɗaya, kowa ya ji a rediyo, ƙungiya ta zauna ta yanke sabon kuɗi. Ragi kuwa yana zuwa kaɗan-kaɗan, kuma ba direban da zai fara ragewa shi kaɗai, tunda layi ake bi, rage kuɗinsa ba zai sa a ba shi lodi kafin na gabansa ba. An ga haka a 2015 da aka rage lita daga 97 zuwa 87. An sake gani a 2025, da farashin ya ɗan sassauto bayan matatar Ɗangote ta fara sayar da fetur a Satumban 2024. (Shi Aliko Ɗangote, in ba ka sani ba, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata na Bebeji ne ta wajen uwa.) A yi wa direba adalci dai: fetur ya sauka, taya ba ta sauka ba.

Inda tallafi ke maƙalewa

Gwamnatoci sun sha gwada kawo sauƙi. A 1988 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a, jihohi suka zuba motocinsu irin su Kano Line, masu ofis da rasit. A tsakiyar shekarun 2000 gwamnatin Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku don mata, sunan shirinta na A Daidaita Sahu ya bi su har yau, kuma bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni a Janairun 2013 su suka gaje titi. Duk wannan yawanci birni ne da manyan hanyoyi tsakanin jihohi.

Dubi abin da ya faru bayan cire tallafi. A Agustan 2023 Legas ta rage rabin kuɗin motocin gwamnatinta, kuma abin ya yiwu cikin sauƙi saboda fasinjojin da kati suke biya, sai kawai aka canza lamba a kwamfuta. A Disamban 2023 gwamnatin tarayya ta yi rangwamen rabin kuɗi a manyan motocin safa masu dogon zango, ta kuma sa jirgin ƙasa kyauta na kwanakin bukukuwa. A can Jamus, da makamashi ya yi tsada a 2022, sai aka fito da tikitin wata na yuro 9 na tsawon wata uku, wanda ke shigar da kai motocin birni da ƙananan jiragen ƙasa a faɗin ƙasar, daga baya a 2023 aka mayar da shi na dindindin a kan yuro 49. Duk waɗannan tikiti suka bi suka sami fasinja.

To mai tasowa daga Tudun Wada a Golf fa, ta ina za a same shi? Babu rajistar da ta san ya hau. In an ba mai mota tallafi, ba hanyar tabbatar da cewa ya sauko kan fasinja. Hanya ɗaya da ta taɓa isa gare shi ita ce bakin famfo, mai tsada, mai yoyo ta kan iyaka, wadda mai motoci biyar ya fi shi mora, amma dai tana isowa. An rufe ta, ba a buɗe wata ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, wato ya ninka sau biyu da ɗoriya, fetur kuwa ya ninka kusan sau biyar, kuma manomi da ɗan tireda ba su cikin masu albashin ma.

A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano. In ya kammala, tikiti zai sake ratsa kudancin Kano. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne inda za a ajiye ƙananan tashoshi, da ko za a sa jirgin safe da na yamma mai tsayawa a cikinsu, da ko za a sayar da tikitin mako ko na wata ga mai zirga-zirga kullum. A layin Abuja zuwa Kaduna, tun 2021 ta intanet ake sayen tikiti, da waya da katin shaida, kuma farashinsa ya fi dacewa da mai gudun hanya fiye da mai neman araha. Shi kuwa ɗan Riruwai, ko da tasha ta zo Ɗangora, sai ya fara biyan kuɗin motar da za ta fito da shi ta Falgore tukuna, a farashin da ɗan kamasho ya faɗa a safiyar ranar.